Fushin Dogon Zango

Ko sallar Idi ba ta haɗa kan unguwarmu kamar yadda zancen lalacewar ƙasa ya haɗa shi ba, domin filin Idinmu biyu ne, amma a kan wannan magana bakinmu ɗaya. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa, mai jar hula da wanda ko a rataye ba ya son ganinta, duk wanda ka tare ka ce masa "ƙasa fa ta rikice" zai amsa da "bari kawai" kafin ka rufe baki. A 2022 masu binciken jin ra'ayi na Afrobarometer sun zaga Najeriya suna tambayar mutane, suka dawo da labarin cewa kusan mutum 9 cikin 10 na ganin ƙasar ta ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa. Da teburin mai shayinmu suka zo da sun huta da yawo, sai dai mu tsare su da tambayar inda suka samo na goman nan. A lura kuma, 2022 ake magana, lokacin da litar mai a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba.

Rigima tana tashi ne idan aka ce to a faɗi babbar matsalar. Nan kowa sai ya kamo inda yake masa ciwo.

Direban adaidaita sahu na layinmu ba ya yarda a wuce maganar mai. Shi tarihin duniya a wurinsa kashi biyu ne, kafin 29 ga Mayun 2023 da bayanta. Ranar ce Shugaba Tinubu ya tsaya a dandalin rantsuwa a Abuja ya ce tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki lita ta haura 500, kafin 2024 ta ƙare ta tsallake 1,000. Yakan ce da in ya sha man dubu biyu sai ya wuni yana zaga gari, yanzu kuwa allurar ma ba ta san an zuba ba. Ga balas na jiransa da yamma, ga fasinja sun koma tafiyar ƙafa, wai motsa jiki suke yi. Tela kuwa wuta ce tasa. Har yau bai huce da Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin lantarkin Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma ya faɗi, Arewa ta kwana sama da mako guda a duhu, shi kuma yana da ɗinkin biki kaya guda. Da ƙafa ya gama shi, da dutsen guga na gawayi. Baba, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, shi yana jira ne su gama ya ce musu duk wannan rassa ne, tushen shi ne an kashe ilimi. In ya fara, mai shayi yakan ƙara ruwa a tukunya don ya san za a daɗe.

Akwai wani bawan Allah da ya taso da iyalinsa daga wani ƙauyen yammacin Katsina, yana zaune a shagon ɗan'uwansa. Ba ya cika magana ba. Wata rana ana ta musu kan buhun masara sai ya ce, "Ku kuna kukan buhu ya yi tsada. Mu gonar ce sai mun haɗa kuɗi mun kai daji kafin a bari mu shiga, in amfani ya nuna kuma a sake yanka mana wani." Wurin ya yi tsit. Aka tuno Ƙanƙara a 2020, aka tuno Jangebe a 2021, aka tuno Kuriga a 2024, yaran makaranta ɗari-ɗari da aka kora daji. Kowa ya ce Allah ya kawo ƙarshen abin, shi ma ya ce amin. Ba a yi minti biyar ba muka koma kan mai. Ba rashin tausayi ba ne, haka muke: wanda ya fi mu shan wuya muna ba shi addu'a, sannan mu ci gaba da lissafin namu.

Mata ba sa zama a teburin, amma su ne ke riƙe da ainihin alƙaluman. Hajiya mai abincin sayarwa, wadda duk yaran layin ke ce wa Inna, in ta biyo karɓar canji takan tsaya ta ji me ake cewa. Ita ba ta san kashi kaza cikin ɗari ba, ta san dai kwanon wake nawa, kwalbar manja nawa, ƙullin gawayi da ya koma rabin na da. Ta ce wa direba, "Kai ɗan nan, kai ai sau ɗaya kake shiga gidan mai. Ni sau uku nake ɗora tukunya." Kuma gaskiyarta. Ba banza ba ne a Fabrairun 2024 mata suka fara fitowa kan titi a Minna, masu gurasa a nan Kano suka fito kan tsadar fulawa, alhali mu maza muna nan muna nazarin al'amura. A lokacin ne ma afafata, shinkafar da a da sai dai a ba kifi, ta shiga tukunyar mutane, har gidajen rediyon waje suka yi labarinta.

Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, babu wanda ya yi musu a teburin, sai ma masu cewa an rage. Wata guda bayan nan aka sauya shekarar da ake auna farashi da ita, daga 2009 zuwa 2024, sai ga adadin ya dawo 24 da ɗoriya. Baba ya yi ta bayani cewa haka ake yi a ko'ina, kuma raguwar hauhawa ba ita ce saukar farashi ba, kaya na ci gaba da tashi ne amma a hankali. Bayaninsa daidai ne. Sai dai Inna ta ce ita a kasuwa in mai awo ya bubbuge gindin kwano ta san sunan abin. Aka tashi a kan maganar Inna.

To ga wani halinmu, kada a ce na rufa mana asiri. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, kowa ya samu abin fakewa. Mai sayar da kayan waya ya ce dala, wannan an ji. Mai magani ya ce dala, an yarda. Amma mai yalo ma dala, ɗan garuwa dala, mai yankan farce dala. In ka ce masa yaushe ka fara shigo da yalo daga Dubai, sai ya ce ai shi ma shinkafa yake ci, kuma a nan ba ka da ta cewa. Inda aka fi cin mu shi ne wajen tsohon kaya. In farashi ya tashi da safe, kayan da ke kan kanta tun watan jiya kafin azahar sun bi sabon kuɗi. In ya sauka kuwa, sai ka ji, "Wallahi Alhaji tsohon kaya ne, da tsada na saro." Tsohon kayan nan ba ya ƙarewa sai an sake hawa. Shi kuma mai kantin da yamma yana cikinmu yana tsine wa 'yan kasuwar Singa da masu ɓoye hatsi a Dawanau.

Da hatsi ya sauko a 2025 ma ba a rasa kuka ba. Masu saye suka ɗan sarara, sai manoman cikinmu suka ɗauka: taki da tsada, kuɗin ƙwadago da tsada, ga masara ta faɗi, an buɗe wa na waje ƙofa an kashe noma. Mutum ɗaya zai iya yin kukan biyu a zama ɗaya in yana da gona a ƙauye kuma yana cefane a birni.

Sai kuma kewar na jiya. Wannan kam mun ƙware. Baba ya ga mulki iri-iri, kuma yana da ajiyar abin da aka faɗa a kan kowa. Ya ce zamanin Shagari, da aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, an ce ba a taɓa ganin wahala irin wannan ba. Soja suka zo, aka koma bin layin madara da sabulu da bulala a gefe, aka ce ina ma Shagari. Babangida ya kawo tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, aka ce ina ma na baya. Zamanin Abacha kananzir ya ɓace har aka ƙirƙiro murhun ɗiɗɗigar katako aka laƙaba masa sunansa, yau kuma a teburin nan za ka ji ana cewa ai lokacinsa dala ba ta motsi. A Janairun 2012 da Jonathan ya kai lita 141 daga 65, mun cika shataletalen Silver Jubilee, aka kwana a titi, sai da ya dawo da ita 97. A Mayun 2016 Buhari ya kai ta 145, muka ce a yi haƙuri, gyara ake yi, ai gyaran ƙaraya sai da zafi. Mu ne muka yi ta kiran canji a 2015, har da masu tattaki daga gari zuwa gari don murna. Mu ne kuma, bayan rufe iyakoki a 2019 da canjin kuɗin farkon 2023, lokacin da mutum da kuɗinsa a banki yake roƙon mai POS ya sayar masa da naira, muka ce ba za a taɓa yin wanda ya kai wannan ba. Yanzu tela cewa yake ai lokacin Baba Buhari ko ba komai buhun shinkafa bai doshi dubu ɗari ba. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, haka ne, amma mu bararmu kullum sai ta wuce take yin daɗi.

Kada a ce baki kawai gare mu. An fita zanga-zanga a ranar 1 ga Agustan 2024, kuma abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Yunwa ce ta fito da mutane, amma kafin la'asar an fasa wurare an kwashi kaya, aka sa dokar hana fita, aka rasa rayuka. Ƙungiyar Amnesty ta ƙirga aƙalla 24 a faɗin ƙasar. Yara suka ɗaga tutar Rasha, da yawansu ko a taswira ba za su nuna maka ita ba. Bayan wata uku aka ga wasunsu a kotu a Abuja, ƙanana, sun rame, suna zubewa a gaban alƙali, sai da duniya ta yi ca sannan aka sake su. Tun daga nan in wani matashi ya ce a sake fita, dattawa kan ce masa ya fara kawo ɗansa a sa a gaba. Zaɓe kuwa, a 2023 mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. A layinmu wasu sun ce an riga an rubuta sakamako, wasu sun fita don an raba taliya da atamfa, kuma masu cewa an rubuta ɗin ma ba su mayar da taliyar ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da mu dai shi ne nisan da fushinmu ke tafiya. Daga teburin mai shayi ba ya yada zango ko'ina sai fadar shugaban ƙasa. In ya ƙara mai ya wuce Bankin Duniya da IMF, wani lokacin har Faransa. A hanyarsa yana tsallake kwatar da ta toshe a bakin masallaci, ya tsallake makarantar firamaren da yara ke zaune a ƙasa aji ɗaya ya fi ɗari, ya tsallake asibitin sha-ka-tafi da ko farasitamol sai an rubuta maka ka sayo, ya tsallake bolar da ta cinye rabin titi. Waɗannan kuwa ba shugaban ƙasa ne zai zo ya yashe su ba. Kwata da shara da kasuwa aikin ƙaramar hukuma ne a tsarin mulki, firamare da ƙaramin asibiti ma da hannunta a ciki tare da jiha. Kuma kuɗin da aka daina biyan tallafi da su, da ƙarin nairorin da faɗuwar naira ta jawo, ba duka suka tsaya a Abuja ba. A 2024 kowane wata abin da ake rabawa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi 774 sai da ya haura naira tiriliyan ɗaya, abin da ba a saba gani ba kafin cire tallafin. Ana buga rabon a jarida, jiha-jiha. Tambayi teburinmu nawa aka sayar da dala a Wapa yau da safe, mutum uku za su ba ka amsa har da 'yan kai. Tambayi nawa ƙaramar hukumarmu ta samu a watan jiya, sai ka ji ana kiran mai shayi ya ƙaro siga.

Kwanaki aka yi ɗaurin aure a layinmu, Kansila ya zo. Yaron unguwa ne, Baba ne ma ya koyar da shi a aji huɗu. Motarsa sai da ta taka ruwan kwatar nan kafin ta tsaya, har ya ɗage babbar riga da zai fito. Na ce yau za a yi ta. Tela, wanda daren jiya ya rantse in ya ga wani ɗan siyasa sai ya gaya masa wadda ko kare ba zai ci ba, shi ya fara miƙewa da hannu biyu: "Honarabul! Ranka ya daɗe, Allah ya maimaita mana." Aka ba shi tabarma ta gaba, aka miƙa masa goro da dabino. Bayan an shafa fatiha sai aka fara ja da shi gefe ɗaya bayan ɗaya. Wannan takardar asibitin matarsa, wancan kuɗin jarrabawar ɗansa, wani suna gare shi ranar Asabar. Kowa ya samu 'yar dubu biyu ko alkawari. Ya sake ɗage riga, ya tsallake kwatar, ya shiga mota. Babu wanda ya nuna masa ita, shi ma bai tambaya ba.

Na san dalili, kuma ba duka ne abin zargi ba. Shugaban ƙasa ba ya zuwa jana'izarmu, mahaifiyarsa ba maƙwabciyar kowa ba ce, zaginsa ba ya ɓata zumunci. Kansila kuwa surukin wane ne, ƙanin matar wane ne, gobe kana iya neman sa hannunsa. Wanda yaronsa ke kwance ba zai ɓata damarsa ta minti biyu a kan kwatar jama'a ba. Sannan shi ma Kansilan yana da amsarsa a aljihu: "Baba, wallahi mu ma ba a sakar mana komai, komai yana sama." A nan ma bai yi ƙarya duka ba. Shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi, gwamna ne mai wuƙa da nama. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, aka shiga 2025 ana ta jan ƙafa. Zaɓensu ma mun san yadda yake: a Kano jam'iyyar gwamna ta lashe duka 44 a 2018 da 2021, da mulki ya sauya hannu sabuwar ma ta lashe duka 44 a 2024, kuma haka ake yi a kusan kowace jiha. Wanda bai ga ƙuri'arka ta kai shi ba, don me zai ji tsoron fuskarka? To amma ko gwamnan ma ai ya fi Abuja kusa, kuma shi ma sai dai mu bar wa sojojin baka su yi ta fafatawa a rediyo da dare, mu muna saurare muna cewa wane ya iya magana.

Abin da muke yi a madadin haka shi ne karo-karo. Taransifoma ta ƙone, gida-gida dubu biyar. 'Yan sintiri, kowane wata. Ruwa, wani Alhaji ya haƙa burtsatse ya sa famfo a waje, Allah ya saka masa. Ramin titi, yara su cike shi da ƙasa su tsaya suna karɓar na goro. Muna yi muna alfahari da haɗin kanmu, kuma abin alfahari ne, sai dai duk wanda ya kamata a tambaya ya samu hutu.

Da damina ta matso, ruwan farko ya shiga zaure uku, aka kira taro bayan isha'i. Aka yanke a rubuta takarda kan kwatar a kai sakatariyar ƙaramar hukuma. Baba ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa na malaman da, mutum ashirin da wani abu suka sa hannu. Saura wa zai kai. Liman ya ce shi uban kowa ne, bai kamata a gan shi a harkar siyasa ba. Tela ya ce Honarabul yana da ɗinki a wurinsa, kada abin ya zama wani iri. Mai kanti ya ce shi ba ɗan asalin mazaɓar ba ne. Baba ya ce malami ba ya kai ƙarar ɗalibinsa. Ana cikin haka Inna ta leƙo daga soro, don ɗaya daga zaurukan da ruwan ya shiga nata ne, ta ce, "Malam, miƙo min takardar nan." Wasu suka fara cewa ai da maza a unguwa bai dace ba. Ta ce ta gani.

Sun je su uku, ita da wasu mata biyu, aka ce shugaba ya fita, aka karɓi takarda aka buga mata hatimi, aka ce su dawo. Ta sa aka yi mata hoton mai hatimin a shagon kwamfuta. Ranar Litinin za su koma, ta ce kuma duk Litinin sai sun je har a gaji da ganinsu. Jiya da daddare ta biyo teburin da faranti tana karɓar kuɗin mota, ta same mu ana tsaka da warware rikicin Amurka da Iran. Baba ya ba da 500, mai shayi 200, tela ya ce ba shi da canji. Direban adaidaita ya ce, "Inna, ni zan kai ku in dawo da ku kyauta, amma fa ku sa lita ɗaya."